Tsawa A Bakin Bature Da Tsawa A Bakin Kasuwa: Mu San Nauyin Abin Da Muke Faɗa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A yau muna so mu tattauna a kan wata kalma guda ta Ingilishi da ta shigo mana kasuwa ba tare da ta tsaya a shingen duwan ba, ta kuma samu wurin zama a bakin yaranmu na shago da na tasha. Kalmar ita ce “thunder”, wato tsawa ko aradu. Wani zai ce, duk matsalolin da ke damun ɗan kasuwa, ga faɗuwar naira, ga tsadar sufuri, ga yawan shingaye a hanya, sai a rasa abin magana sai wata kalmar Turawa? To, mu dai a ganinmu ɗan kasuwa da baki yake fara ciniki kafin ya kai ga hannu, kuma wannan kalma na daga cikin waɗanda ke iya ɓata cinikin shekaru a cikin minti ɗaya. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, wajibi ne mu fahimce ta in an faɗa mana, amma bai kamata mu mayar da ita abin yaɓa wa wani ba.

Duk mai bin hanyar Ƙonni zuwa Illela, ko Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko Ɗan Barto zuwa Kwangwalam, ko Gaya zuwa Kamba, ya san cewa Hausa kan kai shi nesa. Amma da zarar motar albasa ko ta shanu ta tsallaka kudu, ta doshi kasuwar Mil 12 a Legas, ko Anaca, ko Fatakwal, to sai Hausa ta fara neman taimakon Turancin buroka. Mafi yawanmu ba a aji muka koye shi ba. A bakin direbobi da 'yan kamasho da masu lodi muka tsince shi, yanzu kuma ga wayar salula ta ƙara kawo shi har cikin ɗaka. Daɗin daɗawa, kundin da hukumomin Nijar suka fitar a shekarar 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan hulɗarmu da Ingilishi ƙaruwa za ta yi. Abin da aka sani kuwa shi ne, wanda ya koyi harshe a tasha, zagi yake fara riƙewa kafin gaisuwa.

Bari mu fara daga gida. Bahaushe bai yi wa wannan abu suna ɗaya ba. Akwai walƙiya, hasken da ido ke gani. Akwai cida, rugugin da ake ji daga nesa idan hadari na haɗuwa. Akwai tsawa, ƙarar da ke sa yaro ya ruga jikin uwarsa. Sai aradu, wadda muka aro sunanta daga Larabci, da kwarankwatsa, masu faɗowa su tsaga itace ko su kashe dabba. Ingilishin makaranta kuwa gida biyu ya raba abin: “lightning” shi ne hasken, shi ne kuma mai kisa, “thunder” ƙarar ce kawai, wadda ke zuwa a makare domin sauti na ɗaukar kimanin daƙiƙa 3 kafin ya ci kilomita 1. A riƙe wannan bambanci, domin zai yi mana amfani a gaba: a wurin mutumin Ingila tsawa ƙara ce, a wurinmu kuwa abu ce mai faɗowa a kan mutum.

Shi ya sa a Ingilishin Ingila da Amurka, maganganun da aka gina a kan wannan kalma kusan duk ba su da dafi. Wadda ta fi shahara ita ce “steal someone's thunder”. In aka bi ta kalma da kalma, sai a ce satar tsawar wani, abin da ba ya shiga hankali. Ma'anarta ita ce wani ya sha gabanka ya kwashe yabon da ya kamata a yi maka, ko ya riga ka faɗin albishirin da kake tanadi. Mu nan sai mu ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An ruwaito cewa asalinta daga wani marubucin wasan kwaikwayo ne na birnin Landan mai suna John Dennis. A shekarar 1709 ya shirya wani wasa, ya kuma ƙirƙiro wata dabara ta yin ƙarar tsawa a bayan dandali. Wasan bai karɓu ba, masu gidan suka dakatar da shi. Bayan ɗan lokaci ya je kallon wasan Macbeth a gidan, sai ya ji ana amfani da tsawarsa, ya tashi cikin fushi yana cewa sun ƙi wasansa amma sun sace masa tsawa. Yau fiye da shekara 300 ke nan maganar na yawo.

Ina ruwan ɗan kasuwa da wannan labari? Ruwansa shi ne kalmar “steal”, wadda ko wanda bai yi boko ba ya san sata take nufi. A ɗauka kai ne ka riga abokin hulɗarka ɗan boko sanar da isowar sabon kaya, sai ya ce maka cikin raha ka sace masa “thunder”. In ba ka san kan maganar ba, abin da kunnenka zai kama shi ne an kira ka ɓarawo a gaban jama'a, kuma duk wanda ya san kasuwannin kudu ya san abin da kiran ɓarawo ke jawowa. Ga shi mutumin bai zarge ka da ɗaukar ko allura ba.

Haka sauran suke. In suka ce mutum ya shigo da “face like thunder”, fuska ce a murtuke kamar hadarin gabas, wato ya haɗa girar sama da ta ƙasa, kuma mai hankali ba ya tambayar irin wannan mutum bashi a ranar. “Thunderstruck” shi ne wanda mamaki ya sa ya yi mutuwar tsaye, kamar wanda ya ji an rufe iyaka alhali kayansa na kan hanya. “Blood and thunder” kan fito a bakin masu sharhin ƙwallo idan wasa ya yi zafi, ana ta gwabzawa ba sassauci. “By thunder” tsohuwar rantsuwa ce da sai a tsofaffin littattafai da finafinai ake jin ta. Har ma akwai “thunderbox”, sunan barkwanci da suke kiran masai irin na akwati, kuma ba sai mun yi bayanin dalili ba. Guda ɗaya ce a cikinsu za mu ja kunnen masu sayar da tufafi a kanta, ita ce “thunder thighs”. Gori ne da ake yi wa mai manyan cinyoyi, galibi mace. Yaron shago da ya tsince ta a waya ya ɗauka yabo ce, ya faɗa wa mai sayen zane, to ya kori ciniki, wataƙila ma ya ja wa kansa mari.

Wani lokaci ma kalmar kirari ce. Tsofaffin masu son ƙwallo sun san Teslim Balogun na Najeriya, wanda aka yi wa laƙabi da “Thunder” saboda ƙarfin bugunsa. Ya taka leda har a Ingila, ya rasu a shekarar 1972, kuma filin wasan da ke Surulere a Legas sunansa yake ɗauke da shi. A Kamaru akwai ƙungiyar Tonnerre ta Yawunde, wato tsawa da Faransanci, inda Roger Milla da George Weah suka yi wasa. Masu sayar da gwanjo kuma kan ci karo da riguna masu rubutun Thunder a ƙirji. Ƙungiyar ƙwallon kwando ce ta birnin Oklahoma a Amurka, wadda ta ci kofin ƙasar a 2025. Babu tsafi a jikin rigar, babu zagi. Waɗanda suka yi lakwal sun san cewa ko Bafaranshe in ya ce abu “du tonnerre” ne, yabonsa yake yi, in kuma ya ce “coup de foudre”, ba aradu ce ta faɗo ba, so ne ya kama mutum a ganin farko. Kai, hatta ranar Alhamis da Ingilishi, wato “Thursday”, daga sunan abin bautar tsawa na kakanninsu aka samo ta, amma yau ba wanda ke tuna hakan in zai rubuta kwanan wata a takardar kaya. A can dai kalmar ta huce, ta zama toka.

A nan yankinmu kuwa garwashi ce. Maganar da ta sa muka ɗauki alƙalami ita ce ta Turancin buroka, “thunder fire you”, wadda ake ji a tashoshin Najeriya, har Gana da Kamaru an san ta. Kunnen Bahaushe kan ji ta kamar “tanda faya yu”, har wani ya zaci maganar tandar suyar waina ake yi. To ba waina a ciki. Fassararta ita ce aradu ta faɗa maka, ta ƙone ka. Fatan mutuwa ce, kuma mummunar mutuwa. A lura cewa “thunder” ɗin da ke cikinta ba ƙarar nan ba ce ta Ingilishin makaranta. Aradu ce irin tamu mai faɗowa. Kalmomin na Turawa ne, amma tunanin da ke ciki na ƙasar nan ne.

Dalili kuwa a fili yake. A gargajiyar Yarabawa akwai Shango, wanda tarihinsu ya ce sarkin Oyo ne kafin a mayar da shi abin bauta, kuma alamarsa gatari mai baki biyu. Har yanzu ana yin bikinsa a Oyo, hukumar UNESCO ma ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a 2023. A gargajiyar Ibo akwai Amadioha. A kudancin Benin da Togo, inda 'yan uwanmu ke zuwa ɗauko kaya a Kwatano da Lome, akwai Hebiyoso. A nan gida, 'yan uwanmu Zabarmawa da Sonrai sun san Dongo a cikin gargajiyarsu. Abin da ya haɗa su duka shi ne ɗaukar aradu a matsayin alƙali mai hukunta ɓarawo da maƙaryaci da maci amana. Mu ma kada mu yi saurin nuna wa wani yatsa. Kakanninmu sun yi rantsuwa da aradu, har yau akwai mai cewa kwarankwatsa dubu in yana so a gaskata shi, kuma sunan gatarin aradu bai ɓace daga bakinmu ba. Saboda haka wanda ya ce wa abokin cinikinsa “thunder fire you” a kan kuɗi ko awo, ya yi abu biyu a lokaci ɗaya: ya kira shi macuci, ya kuma roƙa masa halaka.

Mun san abin da samari za su ce. Za su ce ai wasa ne, kowa na faɗa, a finafinan kudu da shafukan Facebook da TikTok abin dariya ne, har akwai masu ƙawata ta su ce aradun da za ta faɗa wa wane tana can tana motsa jiki tukuna. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Da yawa daga masu faɗinta Musulmi ne ko Kirista da ba su taɓa tunanin Shango ba, kuma tsakanin abokai biyu da suka tashi tare tana iya wucewa a yi dariya. Amma ai mu ne muka fi kowa sanin ƙa'idar wasa. Bahaushe na da abokan wasa: tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka, tsakanin Katsinawa da Gobirawa, tsakanin Barebari da Fulani. Abin da Bagobiri zai faɗa wa Bakatsine a yi dariya, in baƙo ya ɗauka ya faɗa, sai a ji shi a gaban mai gari. Wasa na da masu shi. Yaron da ya taso daga Madawa ko Tasawa ya sauka Anaca da buhunan albasa ba abokin wasan kowa ba ne a can. Baƙo ne, harshensa ma ya nuna baƙo ne, kuma maganar da ɗan gari zai faɗa a share, in ta fito daga bakinsa sai a auna ta da wani ma'auni dabam.

Kada kuma a raina abin da cacar baki ke haifarwa a kasuwa. A watan Fabrairun 2021, rikicin kasuwar Shasha a Ibadan ya faro ne daga sa-in-sa a kan kayan da suka zube a gaban wani shago. Kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje, mutane da dama sun bar garin, har daga baya masu safarar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya kudu na wasu kwanaki. Ba muna cewa wannan kalma ce aka furta a ranar ba. Abin da muke nunawa shi ne, a wurin da ƙabilu suka cakuɗa, ga zafin rana, ga gajiya, ga kuɗi a tsakani, faɗan mutum biyu ba ya tsayawa a kansu. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wanda ya furta yana iya tsira, a huce a kan mai shayi ko mai gyaran takalmi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai kuma ɓangaren addini, wanda a wurinmu shi ne gaba da kome. Sura ta 13 a cikin Alƙur'ani mai girma sunan tsawa take ɗauke da shi, wato Suratur Ra'ad, kuma a cikinta an sanar da mu cewa tsawa tasbihi take yi ga Mahaliccinta. Baiwar Allah ce mai bin umarni, ba 'yar aiken wani mai fushi ba ce da zai tura ta kan wanda ya taya masa kaya da araha. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa ba a rantsuwa da wanin Allah, mumini ba mai yawan tsinuwa ba ne, kuma tsinuwar da ba ta samu wanda ya cancance ta ba kan mai ita take komawa. Abin mamaki shi ne, za ka ga yaron da ba zai taɓa iya cewa aradu ta kashe ka da Hausa ba, saboda ya san nauyinta, amma yana faɗinta da buroka sau goma kafin azahar. Canza harshe ba ya canza hukunci. Jabun kuɗi jabu ne, ko sefa ne ko naira.

To idan kai aka faɗa wa fa? A nan ne sanin zai yi maka rana. Da farko ka tantance wace tsawar ce, ta Ingila mai toka ko ta tasha mai garwashi. In ta tashar ce, ka dubi mai maganar da yanayin da ya faɗe ta. Sau da yawa ɗan kamasho ko direban da ya furta ta ya riga ya manta kafin ya kai bakin titi, don a bakinsa ta zama kamar tari. Ba dole ba ne ka rama, kuma rashin ramawa ba tsoro ba ne. Kai da ka bar iyali a Maraɗi ko Damagaram, kana ɗauke da dukiyar mutane, ba ka da lokacin tsayawa musayar tsinuwa da wanda ba shi da ko tsinke a cikin motar. Muna kuma kira ga dillalai da masu yi wa mutane tafinta da su ji tsoron Allah. In ana ciniki wani ya yi suɓul da baka, ba aikinka ba ne ka ɗauko maganar da zafinta ka juye wa maigidanka a kunne. Tafinta na gari ruwa yake zubawa, ba fetur ba.

Shawararmu ga iyayen gida ita ce, kafin ku ɗora yaro a kan mota zuwa kudu, yadda kuke koya masa lissafin canji da gane jabun kuɗi, ku koya masa kalmomin da zai riƙe da waɗanda zai bari. Buroka na da kalmomi masu sanyi da ke buɗe ƙofa: “abeg” don roƙo, “no vex” don ba da haƙuri, “well done” don gaida mai aiki, “how much last” don neman ragi. Waɗannan su ne jarin baƙo. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan albasa da na 'yan dabbobi da na direbobi su ma suna da rawar takawa, domin kamar yadda ake cin tarar wanda ya yi faɗa a tasha, ana iya tsawata wa mai tsine wa abokin ciniki da kowane harshe. Mu kuma ma'aikatan gidajen rediyon karkara, nauyi ne a kanmu mu ware ko minti 10 a mako don bayanin irin waɗannan maganganu, tunda mai sauraronmu a rumfa yake ko a kan hanya, ba shi da lokacin buɗe ƙamus. Haka nan matasanmu masu shirya barkwanci a waya, su sani ƙannensu na kwaikwayon duk abin da suka ji.

Ba muna hana kowa koyon Ingilishi ko buroka ba ne. A koya, a ƙware, domin kowane harshe ƙofar arziki ne, kuma kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sai da suka koyi harsunan mutanen da suka tarar a hanya. Abin da ya sa aka karɓe su, har aka ba su wurin kafa zango a garuruwan da ba nasu ba, shi ne amana da iya baki. Wannan gado ne ya fi kowane jari da muke ɗauka zuwa kasuwa, kuma bai kamata mu zubar da shi saboda kalmomi uku da muka tsinta a tasha ba. Baki shi ke yanka wuya, shi ne kuma ke sa a sayar maka da kaya bashi ba tare da takarda ba.

Allah ya tsare mana harsunanmu, ya kare matafiyanmu a hanya, ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a kasuwa. Amin.